Ciyawar Bakin Hanya a Takarda: Nazarin Ƙananan Zanen Gauraye

A shekarar 1503 wani mai zane Bajamushe, Albrecht Dürer, ya sauke idonsa daidai tsayin ciyawa ya zana wani ɗan yankin tsiron bakin hanya, irin wanda ko akuya sai ta rasa abin ci take waiwayarsa. Babu fure mai ɗaukar ido a ciki, sai ganyaye masu cuɗanya da laka a gindinsu. Tsawon takardar bai wuce santimita 41 ba. Zanen yana nan har yau a gidan adana zane na Albertina da ke Viyana, tare da zomon da ya zana a 1502.

Wanda ya ƙura wa zanen ido zai ga fenti iri biyu ne a ciki. Akwai fentin ruwa mai shara-shara, wanda farin takarda ke leƙowa ta ƙarƙashinsa, akwai kuma mai kauri da ke rufe duk abin da ya hau. Dalilin haɗa su yana jikin ciyawar. Fentin ruwa ba ya iya ɗora haske a kan duhu. Idan ka shafa kore mai duhu, shi ke nan, wurin ya tafi. Ga kuma siririn kara mai haske da ya gitta ta gaban ganye mai duhu, dole a nuna shi. Sai Dürer ya ɗauko mai kaurin ya ja layinsa. Abin da ya gani ne ya aike shi neman kaya na biyu, kuma da wannan ma'auni nake auna duk wani zanen gauraye da ya zo hannuna.

A yau sana'ar ta bazu, musamman wajen masu koyo da masu yi don nishaɗi. Mutum zai yanka takarda kamar tafin hannu, guda takwas ko goma, ya jera su a faifai ko tebur, ya sa ganye ko reshe ko hoton gajimare a gaba. Wannan ya yi mata fentin ruwa da tawada, waccan gawayi da alli, ta uku ya manna mata yankin tsohuwar jarida ya bi da fensir mai launi. Ƙanƙantar tana da amfani a fili. Takarda mai kyau tana da tsada, kuma babban farin fili yana sa hannu rawa. Wanda ya sayi babban kwali da kuɗin cefanen kwana biyu ba zai yarda ya watsa masa gishiri don ya ga abin da zai faru ba. A ɗan ƙyallen takarda kuwa, in ta ɓaci ta ɓaci.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi, wato lokaci. Haske ba ya jiran kowa. John Constable, mai zanen karkarar Ingila, ya shafe damunar 1821 da ta 1822 yana hawa tudun Hampstead a arewacin Landan yana zana gajimare da fentin mai a kan takarda, gomomin zane, kowanne a zama ɗaya. A bayan da yawa daga cikinsu ya rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa ne, da inda iska ke kaɗawa. Ba don kasuwa ya yi su ba. Karatu yake, kamar almajiri da allonsa, a rubuta a wanke a sake. Abin mamaki shi ne masu kallo da yawa a yau sun fi son waɗannan ƙananan a kan manyan zanukansa masu faɗin ƙafa shida da ya yi wa baje koli.

Kayan aiki ma sun taimaka wajen fitar da masu zane daga ɗaki. Kafin 1841, lokacin da Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun kuza mai murfi, a cikin mafitsarar dabba ake ƙulle fentin mai, a huda a matsa, ragowar ya bushe. Sai dai tun kafin nan J. M. W. Turner ya riga ya nuna cewa buroshi ba shi kaɗai ne hannun mai zane ba. Yana jiƙa takarda sharaf, ya ɗebe launi da soso ko tsumma, ya kankare da farcen babban yatsansa don ya fito da kumfar teku. Da ya rasu a 1851 ya bar littattafan gwaji kusan 300.

Kowane kaya yana da halinsa, kuma wanda bai san jerin shigarsu ba zai sha wahala. A ɗauki kuka a lokacin hunturu, ta zubar da ganye, ƙura ta rufe sama. Ka fara goga guntun kyandir a gefen gangar jikinta inda rana ke duka. Ka jiƙa buroshi da ruwan toka-toka mai ɗan ja, ka share takardar gaba ɗaya. Inda kakin yake ruwan zai ƙi zama, ya tattaru ɗigo-ɗigo, sai ga ɓawon kuka mai sheƙi ya fito da kansa. Ka jira ta bushe ƙayau, wanda a hunturu minti kaɗan ne, har ma ya fi saurin da kake so. Sannan gawayi ya zo ya ja rassa, ka murza ƙarshensu da yatsa su ɓace cikin hazo. Daga ƙarshe bakin reza ya kankaro igiyoyin 'ya'yan kuka masu reto. In ka juya jerin, ka sa gawayi kafin ruwa, caɓi za ka samu. Mai yana hawa kan ruwa, ruwa ba ya hawa kan mai. Takarda kuma in ba ta kai nauyin giram 300 a murabba'in mita ba, tana shan ruwa za ta kumbura ta yi tudu da kwari, launi ya gangara ya taru inda ba ka aike shi ba.

Nan ne kuma cutar wannan fanni take. Dabarun suna da daɗi, har sukan sa mutum ya manta da abin da ya zauna zanawa. Ka barbaɗa gishiri a jiƙaƙƙen launi, ƙwayoyin su tsotse ruwa su bar taurari. Ka shimfiɗa leda ka yamutsa, ta bar tsage-tsage kamar dutse. Ranar farko abin kamar siddabaru. Amma gishiri taurari iri ɗaya yake yi wa kowa, a Kano ko a Tokiyo. Shi ya sa za ka ga zanen mutum ɗari, ka rasa wanda ya taɓa tsayawa gaban itace na gaske: sama shuɗiya mai ɗige-ɗige, baƙin itace marar suna, tsuntsaye uku kamar an buga da hatimi. Ba ka iya cewa gawo ne ko marke ko tsamiya. Alhali gawo, wanda ke ganye da rani ya zubar da damina, ko daga nesa manomi ba ya ɓata shi.

Ba ina nufin haɗari ba shi da wuri. Max Ernst, a 1925, a wani masauki a gaɓar tekun Faransa, ya ɗora takarda a kan tsohon katakon daɓe ya darza da fensir, jijiyoyin katakon suka fito. Bai tsaya nan ba. Ya yi ta kallonsu har ya ga ganyaye da idanu da dazuzzuka, ya bi su da hannu, ya fitar da jerin zane 34 a shekarar da ta biyo. Mu ma muna da namu. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka yi ƙungiyar masu zane ta Zariya wadda aka kafa a 1958, ruwan asid ya cinye masa farantin ɗab'i a 1967. Ya cike ramukan da gam mai ƙarfi, ya buga, ya ga wani abu sabo, daga nan ya gina salon da aka san shi da shi. Su biyun haɗarin ya ba su ƙofa ne, aikin shekaru kuma ya biyo baya.

Akwai abin da kan ba ni dariya idan na ga ɗan akwatin fentin ruwa da aka shigo da shi da tsada. Abin da ke riƙe garin launin a jikin takarda ƙaro ne, na dakwara, wanda Sudan ke kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Nijeriya na biye. Shi ne dai ƙaron da malamanmu ke zubawa a tawadar allo don ta kama, kuma masu zayyana sun daɗe suna haɗa launukansu da shi. Duk mai son gwaji zai iya niƙa jar ƙasa, ya tace ta da tsumma, ya kwaɓa da ruwan ƙaro da ɗigon zuma. Zumar tana hana shi tsagewa. In ƙaron ya yi yawa, launin zai yi ƙyalli ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa.

Ƙasa ba ta koɗewa, amma launin tsiro sai a hankali. Joshua Reynolds, shugaban farko na makarantar zane ta masarautar Ingila, mayen gwaji ne, yana cusa kaki da kwalta da jan launi marar ƙarko a fentinsa, har fuskokin wasu mutanen da ya zana suka yi fari tun yana raye. Ni ma na ɗanɗana nawa. Na taɓa dafa zoɓo ya yi kauri na zana faɗuwar rana a bayan gona, ja jawur, na ɗiga ruwan kanwa a gefe ya juye shuɗi-kore nan take, na ce na gano abin da ba wanda ya sani. Na jingine katin a taga. Kafin wata ya zagayo jan ya koma ruwan ƙasa mai datti, koren ya tafi. Abin da ya rage shi ne karan dawa biyar da na ja da tawadar malam, da tudun da na shafa da jar ƙasa. Na juya katin na rubuta a bayansa: zoɓo da kanwa, ƙarfe shida na yamma, iska daga gabas, kada a ajiye a taga.