Jero Ya Yi Magana, 'Ya'yanmu Sun Yi Ado



Hunturun Ibadan ba ya kai na gida, kowa ya sani. Ɗan hazo ne da safe, leɓe ya tsage, maƙwabtanmu Yarbawa su ɗauko rigunan sanyi kamar ƙanƙara za ta sauka, mu kuwa muna yi musu dariya. To a wannan lokaci ne, kafin a tafi hutun ƙarshen shekara, ɗaliban jami'a kan shirya wasanninsu da nune-nunen al'adu. Bana wata yarinyarmu da ta yi Islamiyya a hannunmu, yanzu tana karatu a Jami'ar Ibadan, ta kawo mana katin gayyata har rumfa. Muka ce za mu duba. Ta ce, "Baba, bara ma haka kuka ce." Kunya ta kama mu. Ranar Asabar bayan la'asar mu huɗu muka rufe rumfuna, muka hau mota a Mokola, muka bi ta Sango har ƙofar jami'a.

Bari mu fara da faɗin laifinmu. Tun 1948 aka kafa wannan jami'a. Unguwarmu ta girme ta, don tun 1916 aka yanka wa kakanninmu Sabo. Amma a cikinmu mu huɗun nan, duk da furfurarmu, babu wanda ya taɓa zama a zauren wasa na jami'ar. Iyakarmu masallacinta idan salla ta riske mu a hanyar Ojoo, sai gidan namun daji idan mun kai yara ranar sallah.

A farfajiya an baje zane-zane da sassaƙa da rinin adire. Mun zaga mun gani, akwai masu kyau, sai dai ba fanninmu ba ne, ba za mu yi karambani ba. Masu gangar dundun kuwa sun burge mu. Samari biyar ne, gumi na zuba duk da sanyin, gangar tana kiran sunayen mutane tana yi musu kirari, irin yadda kalangu ke yi a wurinmu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan mun yi magariba aka shiga babban wasan daren, wanda Wole Soyinka ya rubuta mai suna The Trials of Brother Jero, wato jarrabawowin da suka sami ɗan'uwa Jero. A cikin wannan jami'a aka fara nuna shi a 1960, a ɗakin cin abinci na Mellanby, tun marubucin yana saurayi, shekaru 26 kafin ya sami lambar Nobel a 1986. Turancinmu na kasuwa ne, saboda haka yarinyar ta zauna kusa da mu tana raɗa mana abin da ya wuce mu. Amma da yawa ba mu bukaci tafinta ba, musamman inda ake Turancin buroka.

Ga labarin a taƙaice. Jero mai wa'azi ne a bakin tekun Legas, irin masu fararen kaya, yana da'awar ana nuna masa gaibu. Filin da yake wa'azin ma ƙwace ya yi daga hannun tsohon malaminsa. Yana da almajiri mai suna Chume, masinjan ofis, wanda ba shi da buri sai ƙarin girma a wurin aiki da kuma izinin ya doki matarsa. Jero ya hana shi dukan, ba don tausayin matar ba, sai don ya san ranar da zuciyar Chume ta huce, ranar zai daina zuwa. Matar nan, Amope, 'yar kasuwa ce, kuma ashe ita ce take bin Jero bashin kuɗin wani mayafin karammiski da yake taƙama da shi, har ta kwaso kayanta ta tare a ƙofar gidansa. Da Jero ya gane matar Chume ita ce mai binsa bashi, nan take wahayi ya canza, ya ce a je a doke ta. Chume ya farga, ya zaro adda ya bi shi. Jero ya tsere, ya je ya yaudari wani ɗan majalisa da alkawarin kujerar minista, ya shirya amfani da shi a kai Chume gidan mahaukata. A nan wasan ya ƙare.

Yaron da ya fito a Jero ya iya. Murya biyu gare shi. Idan yana gaban mabiyansa sai ta yi kauri tana rawa, ido a sama. Idan ya juyo gare mu 'yan kallo sai ta koma ta ɗan kasuwa mai lissafin riba, yana kiran masu ibadar nan abokan cinikinsa, har yana ƙifta mana ido kamar da mu aka haɗa baki. Wannan juyin murya shi ne wasan gaba ɗaya, kuma bai taɓa kuskure shi ba.

Da farko mun saki jiki muna dariya, muna cewa ai 'yan coci ake yi wa. Can sai Alhajin da ke gefenmu ya taɓo mu ya ce, "Liman, cire masa farar rigar nan ka naɗa masa rawani, ka ga ko ba ka san shi ba." Wallahi dariyar ta tsaya mana a wuya. Laifi tudu ne. Wanene a Sabo bai san mai buga ƙasa da ke karɓar kuɗin mace shekara uku kan za a mallake mata miji ba? Wanene bai ga 'yan siyasa suna sallama a wasu zaure da tsakar dare idan zaɓe ya matso ba? Mu da muke jan mutane salla idan babban liman ba ya nan, wasan nan ya sa mun tambayi kanmu: wanda ya zo mana da damuwa, muna so ta yaye masa, ko muna jin daɗin ya riƙa dawowa? Wa'azi nawa muka yi a kan malaman ƙarya, amma ba mu taɓa jin ya shige mu kamar na daren nan ba.

Sai dai muna da gyara guda biyu. Na farko a kan Amope. Yarinyar da ta fito a matsayinta tun daga shigowarta har fitarta ihu take yi, ba hawa ba sauka, har 'yan kallo suka tsane ta. Mu 'yan kasuwa ne, mun san zafin bashi. Matar nan ita kaɗai ce a cikin wasan ba ta ci haƙƙin Jero ba, kuma ita kaɗai ce ba ta ruɗu da shi ba. Kayanta ta bayar, kuɗinta take nema. E, bakinta da kaifi, haka aka rubuta ta, amma da an bar ta ta yi shiru ko sau ɗaya, a ga gajiya a fuskarta, da mutane sun gane wa ake zalunta. Saboda ba a yi haka ba, lokacin da Jero ya ba da izinin duka sai zauren ya kaure da tafi da shewa, har da 'yan mata. Wannan tafi bai yi mana daɗi ba ko kaɗan.

Na biyu, a kan hanyar dawowa mun yi gardama kan ƙarshen wasan. Biyu daga cikinmu suka ce bai kamata a rufe da macuci yana cin nasara ba, ina darasin? Mu ma haka muka fara gani. Amma da muka kwana da abin, sai muka sauya. Da an kama Jero a kan dandamali, da kowa ya tafi gida hankali kwance, an hukunta mugu, magana ta ƙare. Da aka bar shi a sake, sai aikin kama shi ya dawo wuyan mai kallo. A nan marubucin ya fi mu gaskiya.

To, sai aka zo kan namu. Bayan wasan an ba ƙungiyoyin ɗalibai na sassa daban-daban minti ashirin-ashirin su nuna al'adunsu. Da aka kira na Arewa muka gyara zama. Suka fito tsaf-tsaf, manyan riguna da rawuna, wani da alkyabba, 'yan mata da lalle da ƙore a ka. Aka yi kamun amarya, aka zaga, aka yi gaisuwar sarki. Kiɗan kuwa daga waya aka jona shi a lasifika, waƙar fim. Ku tuna masu dundun da muka ce ku riƙe. Su da hannunsu suka kaɗa, mu da muke da makaɗan mahauta a nan cikin unguwa, waya ce ta yi mana kalangu, har ta katse sau ɗaya da kira ya shigo.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya yi mana ciwo shi ne ɗan guntun wasan barkwancin da suka biyo da shi. Wani Alhaji ne mai tumbi da mata huɗu, yana Turanci yana juya harafin fa da pa, ɗan canji ne amma bai iya lissafi ba, maigadinsa yana barci riƙe da rediyo. Zaure ya yi ta dariya. Yaranmu ne fa suka rubuta, su suka yi. Wato hoton da ake tsokanarmu da shi a tasha da cikin mota, wanda ake kiranmu "aboki" da "mola" saboda shi, shi suka ɗauko suka goge suka miƙa wa masu tsokanar. Dariyar Jero tana da ƙugiya, ka haɗiya ta kama ka. Wannan kuwa ba ta kama kowa ba, sai dai ta ƙara wa wanda ya raina mu hujja.

Abu ɗaya ya wanke mana zuciya. Wata ƙaramar ɗaliba, haifaffiyar nan, ta fito ita kaɗai ba ado ba kiɗa, ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Tana faɗa da Hausa tana maimaitawa da Yarbanci, har da tsamin bakin Gizo. Da ta ce musu Gizo shi ne ɗan'uwan Ijapa, kunkurun tatsuniyarsu, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya, suka riƙa amsa mata waƙar da ba su san ma'anarta ba. Minti biyar ta yi, kuma ita ce kaɗai a cikin namu ta sa baƙo ya ji yana son ya ƙara sani.

Ba mu rubuta wannan don mu kunyata yara ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma abin da aka ba su shi suka kai. Wa ya taɓa gaya musu Hausawa na da wasan da ke faɗa wa mutane gaskiya? Tashe da muka yi muna yara a cikin azumi, ai gyaran hali ne cikin raha, babu wanda yake bari, daga mai rowa har tsoho mai kwaɗayi. 'Yan kama tun kafin a haifi Jero suke kwaikwayon malamai, suna jan baƙi da sunayen abinci, malaman suna dariya suna kuma jin kunya. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu, akwai Uwar Gulma, akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka mai da shi wasa har aka yi fim ɗinsa a 1976. Gida nawa a Sabo ke da ko ɗaya daga cikinsu? Mu malamai kuma, mu faɗi gaskiya, da yaro ya ce wasan kwaikwayo sai mu ce sharholiya ce, mu kore shi. Akwai abin gyara a irin waɗannan taruka, cakuɗuwar maza da mata wajen rawa ba mu yarda da ita ba, kuma mun faɗa musu. Amma korar abu gaba ɗaya ba ta hana shi faruwa, sai dai ya faru babu mu.

Kuma labari ba ƙarancinsa muke yi ba. Yadda kakanninmu suka biyo jirgin ƙasa da shanu suka koma da goro. Yadda mai gida a Sabo kan tsaya wa baƙon da ya kawo shanu, a ba mahauci Bayarabe bashi ba takarda ba sa hannu, amana kawai. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan ya rubuta littafi sukutum a kan wannan a 1969, mu masu abin ba mu rubuta ko shafi ba. Ga kuma abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, rayuka da rumfunan da aka rasa, da maƙwabtan da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaka ta kowane ɓangare. Ɗaliban da suka cika zauren nan su ne alƙalai da 'yan jarida da shugabannin ƙananan hukumomi na gobe a wannan jiha. Idan abin da suka sani game da mu shi ne Alhaji mai tumbi, da shi za su auna mu ranar da wata fitina ta tashi, Allah ya kiyaye.

Saboda haka ga shawara. Kafin hunturun baɗi, ɗalibanmu na jami'a su zo farfajiyar Islamiyya ranar Alhamis da yamma, mu tara musu dattawan da suka ga jiya su ba su labari, su kuma su rubuta da Hausa da Yarbanci kamar yadda yarinyar nan ta nuna ana iyawa. Mun riga mun yi magana da wani makaɗin kalangu, ya ce kuɗin mota kawai za a ba shi. Littattafan da muka ambata mun sa a taho mana da su daga Zariya tare da kayan wata mai zuwa. Idan kuma wasan da za su rubuta ya taɓo wani liman ɗan kasuwa, to su taɓo shi, za mu zauna a layin gaba.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.