Labarin Dorugu: wa ya faɗa, wa ya rubuta?

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa jin sunan Dorugu? Ɗan ƙasarmu ne. An haife shi wajen shekarar 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Mutumin Garagumsa ya san ba nisa, in ya bi hanyar Matamaye daga Takeita. Labarin yaron nan yana cikin wani littafi mai suna Magana Hausa, wanda aka buga a Ingila a 1885. Shi za mu duba yau.

Uban Dorugu manomi ne, kuma makaɗi. Tun yaron bai balaga ba aka kama shi bawa. Aka bi da shi ta Zinder, aka kai shi Kukawa ta Barno. Can wani Bajamushe, Overweg, wanda ake kira Tabib, ya ƴanta shi. Da Tabib ya rasu a 1852, sai Dorugu ya bi abokinsa Barth, wato Abdulkarim. Suka je har Tumbutu. A 1855 suka isa Ingila. Nan ne wani malamin mishan, Schön, ya zaunar da shi. Dorugu yana faɗa, shi yana rubutawa.

Abin da ya fi daɗi a littafin shi ne bakin yaron. Hausa ce miƙaƙƙiya, ba kwana-kwana. Yana faɗin abin da idonsa ya gani: hanya, gajiya, abinci, halin mutane. In ya zo kan yadda Turawa ke zaman cin abinci, sai ka ga su ne suka zama abin kallo. Ka tuna fa, a zamanin nan kullum Bature ne ke rubuta yadda muke. Ga yaron ƙauye ya juya madubi.

Akwai abin da ya fi wannan. Tarihin Damagaram da muka saba ji na sarakuna ne. Tanimun ya gina garun birni, ya tara igwa, ya rasu a 1884. Amadu Kuran Daga ya kara da Faransawa a Tirmini a 1899. Duk gaskiya ne. Amma in sarki ya ci gari, ina mutanen garin suke zuwa? Maroƙi ba ya faɗa. Dorugu yana cikin waɗanda aka kora gaba. Daga bakinsa kake jin yaƙi ta wajen wanda aka ɗaure.

To, amma littafin yana da giɓi, kuma babba ne. Zancen gida kaɗan ne. Kafin ka gama sanin Dambanas, an riga an kama hanya. Mafi yawan labarin tafiya ce da Turawa. Ni dai ina ganin dalili a fili yake. Schön ba tarihin Kance ya dame shi ba. Hausa yake son ya koya, don ya rubuta nahawu da ƙamus, ya fassara littattafan addininsa. Mai tambaya shi ke jan akalar hira. Da ɗan Kance ne ya riƙe alƙalamin, da ya tambayi sunan rijiyar garin, da irin kiɗan da uban ke yi, da wanda ake yi wa. Ga shi kuma an rubuta shi da baƙaƙe irin na da, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ kamar yadda ka koya a ajin yaƙi da jahilci. Sabon mai karatu zai sha wuya. Littafin ma bai zo kasuwar Takeita ba balle ka saya.

Wannan ciwo ba na littafi ɗaya ba ne. Tsakanin 1906 da 1909 ayarin Tilho ya zo shata iyaka. Tafintansu, Landeroin, ya rubuta tarihin ƙasashen nan, amma yawanci jerin sarakuna ne. André Salifou, haifaffen Zinder, ya fitar da littafinsa kan Damagaram a 1971. Aiki ne mai nauyi, sai dai da Faransanci yake. A Amurka ma, daga 1936 zuwa 1938, gwamnati ta sa an yi hira da tsofaffin bayi baƙar fata fiye da 2,300. Yawancin masu tambayar farare ne. Kai ma ka san tsohon da ya sha bulala ba zai buɗe cikinsa duka ga jikan mai bulalar ba.

Shi ya sa nake kallon yaranmu na kwaleji. Shekarunsu sun yi kusa da na Dorugu sa'ad da ya ba da labarinsa. Sun iya rubutu. Wayar hannu kuma tana ɗaukar murya. Jika yana da abin da Schön bai samu ba: wasan kaka da jika. Abin da tsohuwa za ta ji kunyar faɗa wa ɗanta, tana iya faɗa wa jikanta cikin raha.

Amma kada mu ruɗi kanmu, ɗan gida ma yana da nasa giɓin. Zai ruga wurin mai gari da liman, ya manta da maƙeri, da ungozoma, da Buzu da Bafillacen da ke bakin gari. Baba ta Karo, wadda aka rubuta labarinta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, ta nuna abin da ke cikin tsohuwa guda. Sai kuma zancen bauta. Har yau akwai gidajen da ba su son a tono asalinsu. Yaro ya nemi izini kafin ya danna waya. In tsoho ya ce kada a sa suna, kada a sa.

In ɗanka ya zo maka da waya, kada ka ce je ka wurin manya. Waɗanda suka ga aikin dole, da aka soke a 1946, sun kusa ƙarewa. Amma kai ka ga farin 1973 ko na 1984, ko uwarka ta gani. Faɗa masa abin da aka ci, da inda aka gudu, da wanda bai dawo ba. In ya rubuta, ka ce ya rubuta da Hausa, ya kawo maka ka karanta da kanka, ka gyara inda ya kauce.