Faranti a Jeren Amarya: Raddi ga Mai Cewa Israfi Ne

Wani ɗan boko abokin hirarmu, da ya leƙa ɗakin wata dattijuwa a Maruta ya tarar da kwanuka a jere tun daga daɓe har kusa da rufi, ga farantai uku a jingine waɗanda ba a taɓa ɗora tuwo a kansu ba, sai ya fito yana cewa wai israfi ne da riya, dukiya ce aka ɗaure ba ta amfanin kowa. Ban yi masa musu a nan ba, saboda gidan mutane ne, amma hukuncin nasa irin na wanda aka miƙa wa allo ne alhali bai san baƙi ba, balle farfaru.

Asalin jere ba ɓoyayye ba ne. Kakanninmu da ƙorai suka fara, a rataye cikin ragaya, kowace da faifanta. Masu hali suka ƙara da tasoshin tagulla irin na Bida. A zamanin Turawa kwano mai fenti ya shigo ta kantunan Kano, kwalla da langa da fanteka, kana tangaram da gilashi suka hau kabad. Su kuwa Turawan da abokin namu yake koyi da su, sun daɗe cikin wannan sha'awa. Masana'antar tangaram da aka kafa a Vincennes ta ƙasar Faransa a 1740, aka mai da ita Sèvres a 1756, Sarki Louis na 15 ya mallake ta a 1759, ta yi ƙananan farantai na ɗaukar kayan shayi masu ruwan zinariya a baki, waɗanda Sarki George na 4 na Ingila da attajiran zamaninsa suka yi ta sayen irinsu bayan juyin mulkin Faransa ya watsa kayan manya, har yau ga wasunsu a gidan adana kayan tarihi na Wallace a Landan, bayan gilashi, ba mai shan shayi da su, ba kuma mai kiran haka israfi.

To, mu dubi aikin kansa, domin nan hikimar take. 'Yan jere, wato gwaggonni da ƙawayen uwar amarya, ba tara kaya suke yi ba kawai. Babbar kwalla ita ce tushe, a ɗora wadda ba ta kai ta ba, a bi da ƙarama, har a tuƙe da langa, sai kowane layi ya tashi kamar hasumiya; abin da aka yi a dama kuma dole a yi kwatankwacinsa a hagu, in kuwa launi ɗaya ya haɗu kafaɗa da kafaɗa sai a rushe a sake, ko da magariba ta kawo jiki. Faranti shi kaɗai ne ba a kifewa, ba a kuma kwantarwa. Tsai da shi ake yi a gefensa, a tsakiya ko a can sama, fuskarsa tana duban ƙofa, yadda hasken da ya shigo ɗaki mai ƙaramar taga zai fara sauka a kan furensa kafin ya bazu ga sauran kaya. Dalili kuwa, a tawa fahimtar, shi ne faranti magajin faifai ne: da'ira ce mai zane, wadda tun fil azal muhallinta bango, ba ƙasa ba. Wannan ya sa nake ganin jeren da babu faranti a cikinsa, kome tsadar kulolin da aka cika shi da su, tamkar sahu ne ba liman. Masu cewa jeren zamani ya fi tsafta ba su faɗi kome ba. Kanti ma yana da tsafta.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne isnadi. Dillalan Turai suna juya faranti su karanta hatimin masana'anta a bayansa, su nemi takardar da ke nuna hannuwan da ya ratsa, kuma gwargwadon ingancin silsilar, gwargwadon kuɗinsa. Matanmu ba su da takarda, amma tambayi dattijuwar nan ka ji riwaya: wannan da kuɗin adashi aka saye shi, wancan gudummawar biki ce, na tsakiya kuwa na mahaifiyarta ne, ita ma daga tata uwar. Mallakarta ce halal, miji ba shi da iko a kai, in fari ya yi ta sayar da kwalla ta sayi hatsi, in 'ya ta isa aure ta cire mata rabi. Faranti ne ake sayarwa a ƙarshe, in ma an sayar.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana na Gwaram da Sara da Birnin Kudu, in tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, kada a miƙa farantinta ga 'yan gwangwan a musanya da roba; a ba jikarta, a kuma gaya mata sunan wadda ta fara jingina shi.