Tsautsayi da Ganganci: Yadda Muke Ba da Labarin Yatsun Lebura

Kalmomi biyu ne muke rufe kusan kowane labarin rauni a masana'anta da su. Idan muna tausayin wanda inji ya cinye wa hannu, sai mu ce tsautsayi ne, shi kuwa ba ya wuce ranarsa. Idan muna jin haushinsa, sai mu ce ganganci ne, ai da ya yi hankali. Kalmar farko ta kai maganar inda ba mu da ta cewa, ta biyu ta juye ta a kan mai raunin. A tsakaninsu an tsallake mutum guda: wanda ya sayo injin, ya bari aka cire masa murfi don aiki ya yi sauri, ya kuma yanka awa nawa lebura zai tsaya a gabansa. A kan wannan tsallake muke son yin sharhi, yadda yake a bakinmu da yadda yake a rubuce-rubucenmu.

Bari mu fara ba wa masu cewa hankali ya isa haƙƙinsu, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa balagagge ba ya buƙatar allo ya gaya masa wuta na ƙuna. Suna cewa kakanninmu sun yi jima da ƙira da rini a cikin birnin Kano shekaru aru-aru ba tare da hular kwano ko safar hannu ba. Suna ƙarawa da cewa kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka rage da rai, bayan ɗimbin da suka rufe tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, fama suke da rashin wutar lantarki da tsadar man janareto. In aka ƙara jibga musu ƙa'idoji, sai su ma su sa kwaɗo, lebura ya koma gida da yatsunsa goma da cikinsa fayau.

Ba mu kaɗai muke wannan gardama ba. A Ingila, a watan Oktoban 2010, Lord Young ya miƙa wa gwamnatin David Cameron rahoto a kan yadda tsoron shari'a da cike takardu suka sa makarantu da ofisoshi suke hana abubuwan da ba su da wani haɗari. Koken nasa da gaskiya a ciki. Sai dai duk mai ɗauko wannan koke ya kawo Kano ya tuna abu biyu. Wuraren da rahoton ya fi mayar da hankali a kansu su ne masu ƙarancin haɗari, irin su ofis da kanti da aji. Sannan ƙasar da take kukan doka ta yi yawa, ita ce wadda ma'aikata 651 suka mutu a bakin aiki a 1974, shekarar da ta kafa babbar dokarta ta kare lafiyar ma'aikata, a 'yan shekarun nan kuwa adadin ba ya kaiwa 150 a shekara. Wanda ya ƙoshi yana iya kukan tuwo ya yi yawa. Mu ba mu kai nan ba tukuna.

Inda hujjar hankali ta fara rauni shi ne, hankali yana aiki ne da abin da ido ya gani, hanci ya shaƙa, kunne ya ji. Majemin gargajiya da ke aiki da bagaruwa da toka ya gaji sana'arsa daga mahaifinsa, ya san kowane haɗari nata tun yana yaro. Yaron da aka ɗauka aikin rana a kamfanin fata a Challawa bai gaji komai a kan sinadaran da ke gabansa ba. A jimar zamani ana cire gashin fata da farar ƙasa da wani sinadari mai salfa. Idan ruwan wannan aiki ya haɗu da ruwa mai asid a kwata ko a ramin tara dagwalo, sai ya saki iskar gas da ake kira haidirojin salfaid. In kaɗan ce, warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, kowa ya toshe hanci. In ta yi yawa, sai ta kashe jin warin gaba ɗaya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya. Mai hankali zai leƙa, ya ji ba wari, ya ce lafiya lau, ya sauka. Idan ya faɗi, ɗan'uwansa mai zuciya zai bi shi don ya ceto shi, shi ma ya faɗi. Masana lafiyar ma'aikata a duniya sun daɗe da sanin cewa masu ceto suna cikin waɗanda irin waɗannan ramuka suke kashewa. A nan hankali da jarunta su ne tarkon. Abin da ke ceton rai ƙa'ida ce busasshiya: kada kowa ya sauka sai an auna iskar, an hura sabuwa, an ɗaura masa igiya, wani yana tsaye a sama.

Haka ƙarar inji take. Ƙara mai ƙarfin desibel 85 na tsawon awa takwas kullum tana cin ji a hankali, ba jini ba ciwo, sai bayan shekaru mutum ya lura yana cewa "na'am?" sau uku kafin ya fahimci 'yarsa. Haka ruwan da ke fita daga masana'antun. Na Bompai yana bin Getsi ya shiga Jakara, na Sharaɗa yana bin Salanta ya nufi kogin Challawa, kuma a gefen waɗannan ruwaye manoman rani suna shuka latas da kabeji da alayyafo. Matar da ta sayi ganye a kasuwa, wane hankali za ta yi ta gane ko akwai sinadarin kuromiyam a ruwan da aka shayar da shi?

Rauni na biyu, hankali yana gajiya. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta darasin farko da aiki ya koya mana shi ne, kada ka gina tsari a kan zaton mutum ba zai yi kuskure ba. Shi ya sa wayar da ke hannunka take tambayar ka ko ka tabbata kafin ta goge hoto, shi ya sa manhajar banki take nuna maka sunan mai asusu kafin ka tura kuɗi. Akwai labarin da ake koyar da ɗaliban fanninmu, na wata na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25. Na'urorin da suka gabace ta suna da makullan ƙarfe da waya waɗanda suke hana haske ya wuce kima ko da manhaja ta ruɗe. A sabuwar sai aka cire su, aka dogara da manhaja da kulawar mai sarrafawa. Tsakanin 1985 da 1987, a Amurka da Kanada, sau shida na'urar ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima, wasu suka rasu. Abin da ya fi ɗaure kai, ɗaya daga cikin kurakuran ba ya fitowa sai mai sarrafa na'urar ya gyara bayanai da sauri sosai, wato sai a hannun gwani. Ƙwarewa ce ta buɗe ƙofar. To ina ga mai zuba roba a injin niƙa da ƙarfe uku na dare, a awa ta goma ta aikinsa, cikin zafin watan Afrilu? Murfin da ke kan bel da haƙoran inji an yi shi ne domin wannan daƙiƙa guda da idon mai hankali zai lumshe.

Rauni na uku shi ne mafi girma: hankali ba ya amfani ga wanda ba shi da ikon cewa a'a. A ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga tsagewa a ginin Rana Plaza a Bangaladash. Bankin da ke ƙasa da kantuna suka rufe. Masu ɗinkin da ke saman benen sun ga tsagewar da idonsu, sun ji tsoro, amma aka umarce su su koma bakin aiki washegari, wasu da barazanar hana albashi. Ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. Hankalinsu bai gaza ba, albashinsu ne ya fi ƙarfinsa. Ɗan aikin rana a Sharaɗa da ya ga waya tsirara kusa da ruwa ya san abin da ya gani. Ya kuma san mutum nawa ne suke tsaye a bakin ƙofa da sassafe suna jiran a kira su.

To dokar fa? Tana nan a rubuce. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, da samar da iska da haske da ruwan sha da kayan taimakon gaggawa, da kai rahoton duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku. Ta hana kulle ƙofa ta yadda na ciki ba zai iya buɗewa ba. Amma tarar da ta yanka idan saɓa mata ya jawo mutuwa ko rauni ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba. A 1987 wannan kuɗi ya haura dala dubu. Yau wasunmu sun fi haka sayen data a wata. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, domin wanda ya ji rauni ya sami diyya ba sai ya tabbatar da laifin kowa a kotu ba. Tsari ne mai kyau, amma sai ga wanda sunansa yake cikin littafin albashi. Wanda ake sallama da kuɗin hannu kowace yamma, idan hannun ya tafi, abin da ya saura masa shi ne tausayin manaja.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka kira kariya kariya ne. A watan Yunin 2020 'yan sandan Kano suka shiga kamfanin shinkafa na Popular Farms a Challawa, suka fito da ma'aikata 126 kamar yadda rundunar ta sanar. Ma'aikatan sun shaida wa manema labarai cewa tun ƙarshen watan Maris suke ciki ba fita, da sunan guje wa cutar korona, an yi musu alkawarin ɗan ƙarin kuɗi, wanda ya ƙi kuma ya rasa aikinsa. Ga harshen kare lafiya an yi kwaɗo da shi. Tarihin kwaɗo a ƙofar masana'anta kuwa sananne ne: a 1911 ma'aikata 146 suka mutu a gobarar kamfanin ɗinki na Triangle a birnin New York, wasu a bayan ƙofar da aka kulle, a watan Satumban 2002 gobara ta kashe gomman masu aikin dare a wani kamfanin roba a Ikorodu ta jihar Legas, inda aka ruwaito an rufe su ta waje. Ma'aunin da za mu riƙa gwada kowace ƙa'ida da shi ke nan: wa take karewa, kuma wa ke riƙe da mabuɗin?

Wannan duk bai wanke lebura tas ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai wanda za a ba wa takunkumi ya rataye a wuya, akwai mai sayar da dogon takalmin da aka ba shi ya dawo da silifa, akwai mai yi wa abokinsa dariya don ya sa tabarau a gaban injin walda, wai shi matsoraci ne. Dokar 1987 ɗin kanta ta ɗora wa ma'aikaci yin amfani da kayan kariyar da aka tanadar masa, ta hana shi lalata su. Amma alhaki gwargwadon iko ake raba shi. Lebura yana da iko a kan igiyar takunkuminsa. Mai kamfani yana da iko a kan injin, da tsawon aikin dare, da ƙofar fita, da ko wanda ya yi ƙorafi zai dawo gobe. Jami'in Ma'aikatar Ƙwadago yana da ikon shiga ya duba ya rufe. Wanda ya karanto wa na farko wa'azin kula da kai, ya yi shiru a kan sauran biyun, ya yi rabon kura.

Nan ne adabinmu yake da bashi a kansa. Mun karanta littattafai da dama, na takarda da na waya, waɗanda jaruminsu ɗan mai kamfanoni ne. Mun san launin motarsa, da turarensa, da sanyin ofishinsa. Da wuya marubuci ya sauko da mu daga benen zuwa inda kuɗin ke fitowa. Idan an ga ma'aikaci, yawanci mahaifin yarinya ne matalauci, wanda haɗari ya kwantar a babi na biyu domin a sami dalilin da za ta fita neman kuɗin magani ta haɗu da attajirin. Raunin ya zama tsani kawai, an gama da shi a jimla ɗaya: tsautsayi ya faɗa masa a wurin aiki. Wane inji ne? Ina murfinsa? Wa ya kai shi asibiti, wa ya biya, me aka ce masa ranar da ya koma da hannu a naɗe? Waɗannan tambayoyi su ne labarin, kuma sun fi rikicin kishiya zafi. Harshenmu ma yana taya mu ɓoyewa: "an ji masa ciwo", "inji ya kama shi", kamar injin kura ne da ya fito daga daji.

Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana Bahaushe ɗaure akuyarsa ko yi wa rijiyarsa murfi ba. Idan yaro ya faɗa rijiyar da maƙwabci ya bari a buɗe, muna yin ta'aziyya, sannan muna tambayar mai rijiya. Ƙa'idar kare lafiya mai kyau murfin rijiya ce: hankalin waɗanda suka riga mu faɗawa, an tattara shi an ajiye domin na baya. Abin da muke roƙon marubuta da masu karatu ɗan kaɗan ne. Duk ranar da labari ya zo daga Bompai ko Sharaɗa ko Challawa cewa wani ya rasa yatsu ko rai, kafin mu ce tsautsayi, kafin mu ce ganganci, mu tambayi sunan injin da sunan mai shi.