Jinjina Ga Malaman Wasanni

A makarantun sakandaren Shagari da Boɗinga akwai malamin da ba a cika ambatonsa ranar rabon kyaututtuka ba, wato malamin wasanni, mai horar da 'yan ƙwallo bayan la'asar. Ya cancanci yabo domin tarbiyya yake yi: a hannunsa yaro ke koyon zuwa kan lokaci, bin hukuncin alƙalin wasa, da haƙuri idan aka ci su. Lokacin da Manu Garba ya jagoranci matasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 17 suka ɗauki kofin duniya a 2013, ba shi ya fara koya musu taɓa ƙwallo ba. A kan aikin masu horarwa na makarantu da unguwanni ya ɗora.

Wasu iyaye na cewa ƙwallo tana raba yaro da karatu. Damuwarsu tana da tushe, amma wasan da babu mai lura da shi ne ke jawo haka, domin malami nagari ba ya sa wanda ya tsere wa aji a cikin 'yan wasansa. Ya kamata hukumomin ilimi na Jihar Sakkwato su wadata waɗannan malamai da kayan aiki da horo, iyaye kuma su girmama su.