Liƙi Ba Sharhi Ba Ne: Marubucin Intanet Da Masoyansa

Duk wanda ke bin sawun adabin Hausa tun da ya koma cikin wayar hannu, ba zai rasa cin karo da wani abin mamaki ba. Sai ka ga labari wanda zarensa ya tsinke tun a shafi na goma, yarinyar da aka ce marainiya ce a farko ta wayi gari da uwa a tsakiya, ga ƙa'idojin rubutu an yi musu hawan ƙawara, amma kuma masu karatu na rububin biyan kuɗi don a ci gaba da ba su. A gefe guda kuwa ga littafin da aka shekara biyu ana tacewa, ko kallo bai ishe su ba. Da yawa daga cikinmu 'yan ƙungiya kan yanke hukunci nan take, cewa ai masu karatun ne suka lalace. Ni a ganina an yi gaggawar wannan hukunci. Masu karatu sun san abin da suke saye sarai, mu ne muka ɗauka labari suke saye.

Bari mu fara duba yadda cinikin yake. Marubuciya (don mata ne suka fi yawa a wannan fage) takan buɗe zaure a WhatsApp, ko ta ɗora labarinta a Wattpad, dandalin da aka kafa a Kanada cikin 2006. Shafukan farko kyauta ne, na ɗanɗano. Da zarar labari ya ɗauko daɗi sai a ce mai son ci gaba ya biya, ko ta banki ko ta katin waya. Daga nan kullum ana dakon sabon shafi. To, a saman shafin nan ko a ƙasansa, ba a rasa 'yar magana: yau a yi haƙuri yaro ba lafiya, jiya ba wuta waya ta mutu, shekaranjiya yatsu sun yi tsami saboda bugu. Masu karatu su kuma su yi ta sannu da fatan alheri. Kafin wata uku an zama 'yan gida ɗaya. Kuɗin da ake turawa a wannan hali sun fi kama da gudummawar biki, wadda ake kai wa ƙawa don zumunci, ba tare da an tsaya tambayar ko tuwon bikin ya yi daɗi ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan hali na Hausawa ne kaɗai. Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka lura cewa masu sauraren rediyo da masu kallon talabijin kan ɗauki mai gabatar da shiri tamkar aboki na kusa, alhali shi bai ma san da zamansu ba. A 2008 Kevin Kelly ya kawo shawarar da ta yi tashe, cewa mai fasaha ba ya bukatar miliyoyin jama'a, masoya na haƙiƙa 1,000 sun ishe shi rayuwa idan kowannensu zai kashe masa dala 100 a shekara. A kan irin wannan tunani ne wani mawaƙi, Jack Conte, da abokinsa suka kafa Patreon a 2013, inda mutum ke yanka wa mai fasahar da yake so wani abu duk wata. A lura da kalmar da ake ta nanatawa: masoya. Ba wanda ya ce manazarta.

Me ya sa hali da ƙoƙari suka rinjayi inganci a wannan kasuwa? Dalili na farko shi ne, wahala a fili take, inganci kuwa a ɓoye. Kowa na iya ganin cewa an kwana ana bugu an fito da shafi da asuba. Amma kafin a ce labari ya ginu, sai an kai ƙarshensa, an waiwayi farkonsa, an kuma auna shi da wasu. Bugu da ƙari, gwanin marubuci ɓoye guminsa yake yi. Jimlar da ya goge sau bakwai ita ce za ta zo wa mai karatu kamar ruwan sanyi, har ya zaci ba a sha wuya ba.

Na biyu, mai karatu na da hannu a cikin miyar. Shi ya roƙa kada a kashe jarumi, aka fasa. Ita ta nemi a wulaƙanta kishiya, aka ƙara shafi biyar. Wanda ya sa gishiri da hannunsa kuwa da wuya ya ce miya ta yi lami.

Na uku, kuma wanda ya fi ƙarfi, shi ne labarin kansa ya yi araha. Na kyauta sun fi ƙarfin karatun mutum, na kuɗin ma ba a jimawa sai ka gan su suna yawo daga zaure zuwa zaure, duk da Allah-ya-isar masu su. Ke nan wadda ta cire kuɗinta ta biya abin da za ta iya samu a ɓagas, don mutum ta biya. Abin da ba a iya turawa a waya shi ne kusanci da marubuciya, da amsa gaisuwa, da ganin sunanka a cikin waɗanda aka sadaukar wa shafin yau.

Wannan kuwa tsohon abu ne a wurinmu, sunansa liƙi. Wanda ya fito fili ya manna wa makaɗi kuɗi a goshi ba maki yake ba waƙa ba. Yana yaba zuwan makaɗin, da zufarsa, da ambaton da aka yi masa. Ba laifi a cikin haka. Sai dai Mamman Shata ya rasu tun 1999, liƙi ya yanke, waƙoƙinsa kuwa na nan ana saurare, don akwai abin da ya riƙe su bayan mai su ya kau. Haka Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933: mafi yawan masu karanta shi a yau ba su taɓa ganin Abubakar Imam ba, ba su san ko ya kwana da ciwon kai ranar da ya rubuta wani babi ba. Littafin shi kaɗai yake tsaye. Ko littattafan soyayya na shekarun 1990, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, duk da an raba su kashi-kashi don a ja ran mai saye, sun sami masu suka da masu kariya a jaridu, irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme, aka fafata a kan abin da ke cikin littattafan. Wannan fafatawa ita ce marubucin intanet ya rasa.

Illar rashinta kuwa a jikin rubutun take fitowa. Tun da kullum sai an ba da shafi, ko akwai abin faɗa ko babu, sai a cika da siffanta leshi da mota da jeren kulolin abinci, da gaisuwar da za ta ci rabin shafi. Tun da dole a dawo gobe, sai kowane shafi ya ƙare da suma ko hatsari ko buɗe ƙofa a ga abin razana, har abin ya daina razana kowa. Tun da abin da aka buga da dare shi za a saki da safe, babu damar komawa baya a gyara tubalin da aka aza a karkace. Taurari kuma ba sa bin halin da aka gina su a kai, son ran masu sharhin zaure suke bi. Mafi muni, duk wanda ya yi ƙarfin hali ya nuna gyara, sai masoya su yi masa ca, a ce hassada ce. Su a wurinsu 'yar'uwa aka taɓa.

Adalci dai shi ne a faɗi alherin wannan hanya. Ta ba matar da ke cikin ɗakinta damar kai rubutunta ga dubban mutane, ta kuma sami na cefane, ba tare da kuɗin takarda ko jiran 'yan kasuwar littafi su biya ta ba. Sakin labari kaɗan-kaɗan shi ma ba aibi ba ne. Charles Dickens a Ingila wata-wata ya riƙa fitar da The Pickwick Papers tsakanin 1836 da 1837. Aibin shi ne marubuci ya ƙirga masoyansa ya ɗauka ya ƙirga darajar littafinsa.

Saboda haka shawarata ga masu tasowa ita ce: a karɓi liƙi a yi godiya, amma a nemi awo a wani wuri. A tsara labari daga farko har ƙarshe kafin a saki shafin farko. In an kammala, a ajiye shi ya huce, sannan a dawo da almakashi. Abin da aka saki a zaure zubin farko ne, bai zama littafi ba tukuna. A miƙa shi ga wanda bai san marubucin ba, ba ya kuma jin nauyinsa. A jarraba gasa irin ta Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, inda alƙalai ne ke karantawa.

Mu ma a ƙungiya akwai namu aikin. Mun daɗe muna yi wa waɗannan littattafai kuɗin goro, masu yabo na yi a dunƙule, masu zagi na yi a dunƙule. Ya kamata a kowace fitowa ta wannan mujalla a ɗauko guda ɗaya, a karanta shi tsaf, a faɗi inda ya yi kyau da inda ya gurgunce, da hujja daga shafukansa. Masoya sun riga sun sauke nasu nauyin, sun riƙe marubuci da abin hannunsu. Saura mu, mu gaya masa abin da zai rage a littafinsa ranar da aka rufe zaure.