Daren Kusugu da Safiyarsa

Babu ɗan Daura, kai, babu Bahaushen da ya yi wayo a gaban kakarsa, wanda bai ji labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu ba. Mun ji shi a bakin tsofaffi, mu kan tuna da shi ran sallar Gani, waɗanda Allah ya buɗe wa ido da karatu kuwa sun gan shi a takarda. Tun cikin 1928 Palmer, Baturen nan da ya yi aikin mulki a Katsina, ya buga shi da Turanci. Cikin 1978 kuma wani malami mutumin Jamaika, M. G. Smith, ya fito da babban littafi bisa sha'anin mulkin Daura, shi ma bai tsallake labarin ba.

Ba nufina ba ne in shiga gardamar ko abin ya auku kamar yadda a ke faɗi. Wannan aikin masana tarihi ne, sun kuwa daɗe suna ja-in-ja a kansa. Abin da na ke so mu auna shi ne yadda mu ke ba da labarin, da irin shugaban da mu ke nuna wa yaranmu a cikinsa. Gama labarin da yaro ya sha tare da nono, shi ya kan bi shi har ran da aka ba shi mutane ya riƙe, ko a ofis, ko a gona, ko a kasuwa. Ni a ganina mun riƙe daren Kusugu, mun saki safiyarsa, alhali kuwa ilmin riƙon mutane yana cikin safiyar.

Ga daren, kamar yadda kowa ya sani. Baƙo ya iso Daura bayan duhu ya yi, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana. Ya roƙi ruwa, ta ce babu, don macijiyar da a ke kira Sarki ba ta barin a ɗiba sai ran Jumma'a. Ya karɓi guga ya tafi rijiya, macijiya ta taso, ya sare kanta da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya ɗebi ruwa ya koma masauki. A nan mai ba da labari ya kan ɗaga murya, yara su riƙe numfashi. Abin da ya biyo baya kuwa sai a bi shi da gaggawa, kamar mai kakkaɓe tabarma: aka gane shi, ya auri Sarauniya Daurama, aka haifi Bawo, shi ke nan.

To, yabon gwani ya zama dole. Bayajida jarumi ne, ba mai musun wannan. Amma jarumtaka daban, shugabanci daban. Mu duba labarin nan nasa tun daga baya. An ce ya baro Bagadaza da runduna, ya sauka Barno, Sarkin Barno ya ba shi 'yarsa. Sa'an nan Sarkin ya riƙa aron mutanensa kashi kashi, da sunan yaƙi, yana rarraba su cikin garuruwa, har aka wayi gari ba kowa a bayansa. Ya gudu da matarsa, ya bar ta da ciki a Garun Gabas, ya yi gaba. Watau mutumin da ya taso da jama'a ya iso Daura daga shi sai dokinsa. In da a ce wani shugaban aiki ne aka danƙa wa leburori ɗari, ya dawo shi kaɗai bai san inda ko ɗaya ya ke ba, da wane suna za mu kira shi? Labarin bai ɓoye wannan aibi ba. Mu ne mu ke rufe shi da ƙyallin wuƙa.

Yanzu mu zo ga safiya. Gari ya waye, masu wucewa suka hango macijiya yashe a bakin rijiya, kowa ya ja da baya. Ka lura, ya kai mai karatu, macijiya ta mutu tun da dare, amma tsoronta yana nan da ransa. Wannan wuri shi ne mafi hikima cikin labarin duka, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sau nawa a wurin aiki a kan iske wata al'ada da kowa ke tsoro, a ce kada a taɓa littafi kaza, kada a faɗa wa wane magana kaza, alhali wanda ya kafa ta ya daɗe da barin aiki, dalilinta ma ya mutu? Wanda ya fi kowa amfani a irin wannan safiya shi ne mai iya sa a je a duba.

Abin da Daurama ta yi ke nan. Da fari ba ta yi aiki da jita-jita ba, ta sa a tafi a gano, don gani ya kori ji. Aka sami mutum guda da ya yi ƙarfin hali ya matsa har gindin rijiya, ya ga gangar jiki ba kai, ya komo ya faɗi abin da idonsa ya gani. An ce shi aka ba sarautar Ƙaura, watau shugaban mayaƙa. Dubi wannan naɗi da kyau. Mutumin nan bai kashe kome ba. Abin da ya yi kurum shi ne ya isa inda sauran suka kasa isa, ya kawo labari na gaskiya. Sarauniya ta gane cewa wanda ba ya ƙara gishiri ran tsoro, shi ya cancanci a ba shi amanar rayuka ran yaƙi.

Na biyu, da ta yi shelar za ta ba wanda ya kashe macijiya rabin gari, sai ga maza suna ta zuwa, ko wanne da kan macijinsa a hannu. Ba ta dubi girman rawani ba, ba ta tambayi ɗan wane ne ba. Aka riƙa gwada kai da gangar jiki, wanda bai dace ba a sallame shi. Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san masu kawo kan macijin da ba su kashe ba. Aiki ya yi kyau, su ne a gaba wajen gaisuwa. Aiki ya ɓaci, ka neme su ka rasa. Shugaban da ba ya gwada kai da jiki, kafin shekara ta kewayo zai ga masu ƙwazo sun naɗe hannu, don ba wanda zai yi ta noma wani na kai amfanin rumbunsa.

Na uku, ta saurari Ayana. Duk fadawa da manyan gari ba wanda ya san gaskiyar al'amarin, sai tsohuwar da ba ta da ko guga cike da ruwa a ɗakinta. Ita ta ce tana da baƙo, jiya da dare kuwa ya shayar da dokinsa. In da an tare ta a ƙofar fada an ce wace ce ke, da rabin Daura ya tafi hannun maƙaryaci.

A nan zan kawo abin da ya same ni, don kada a ce ina faɗin laifin waɗansu ina ɓoye nawa. A wani ofis da na yi aikin akawu, wata rana lissafin kuɗin wata kasuwa ya ƙi daidaita da rasit. Kwana uku muna bin shafi shafi ni da babban akawu, har aka fara ambaton sunan wani yaro mai karɓar kuɗin, cewa shi ya ci. Akwai wani tsohon masinja da ke zaune a bakin ƙofa kullum, ba mu taɓa ce masa kome ba sai kawo, kai. Ran na huɗu, da ya ji za a kira yaron, ya matso ya durƙusa ya ce, “Malam, a gafarce ni. Ran kasuwar nan da aka yi ruwan sama littafin rasit ya jiƙe, aka buɗe sabo, tsohon kuwa na shanya shi a bisa kabad, yana nan.” Aka ɗauko, lissafi ya fita daidai har kwabo. Na tambaye shi don me bai faɗa tun tuni ba. Ya ce, “Ba a tambaye ni ba, Malam.” Saura kaɗan mu ɓata sunan ɗan mutane, mu raba shi da abincinsa, don mun raina Ayanarmu. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Na huɗu, ta cika alkawari, ko da ya ke wanda ya ci baƙo ne, ba shi da dangi a gari da za su tsaya masa. Alkawari kaya ne. Shugaban da ya sauke shi sau ɗaya a gaban mabiyansa, in ya sake shela sai su yi kamar ba da su a ke ba.

Duk da haka ba zan ce labarin ba shi da giɓi ba, ba kuwa zan wanke Daurama tas ba. Shekara nawa garin ya yi yana shan ruwa sau ɗaya a mako ba ta nemi magani ba? Labarin ya yi shiru. Hali ne na shugabanni da yawa, su saba da wahalar mutanensu har su ɗauke ta kamar ƙaddara, sai baƙo ya zo ya nuna abin kwana ɗaya ne. Rabin gari kuma lada ne da ya wuce kima, irin na wanda ya yi sakaci ya zo yana biya cikin ruɗewa. Babban giɓin kuwa shi ne na Ayana. Ƙaura ya sami sarauta, Bayajida ya sami sarauniya, tsohuwar da ta ba da masauki da guga da gaskiya fa? Yawancin masu ba da labari su kan bar ta a ƙofar fada, su wuce. Nan labarin ya yi kama da mu ƙwarai, har abin ya ba ni tsoro.

Akwai kuma wutsiyar labarin, wadda ita ma ta cancanci a tsaya a kanta. An ce da 'ya'yan Bawo shida da Biram suka kafa Hausa Bakwai, an raba musu aiki: Kano da Rano sarautar baba, Katsina da Daura sarautar kasuwa, Gobir yaƙi, Zazzau kuwa sha'anin bayi. Cinikin bayi mugun abu ne, Allah ya raba mu da shi. Amma dubi tunanin da ke ƙarƙashin rabon: ba a ce kowa ya yi kome ba, an dubi inda ko wanne ya zauna da abin da ƙasarsa ta iya, aka ɗora masa. Labarin da ya fara da mutum ɗaya da wuƙa ya ƙare da 'yan'uwa bakwai ko wanne da nasa kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihin Daura na kusa ma ya nuna shugaba renonsa a ke yi, ba daga sama ya ke faɗowa da dare ba. Bayan jihadi ya fitar da gidan sarautar Haɓe wajen 1805, zuriyarsu ta zauna a Zango da Ɓaure shekara ɗari, har Turawa suka komo da Sarki Musa Daura cikin 1906. Ɗansa Abdurrahman ya hau cikin 1911, ya yi shekara 55 bisa gado. Wanda ya gaje shi cikin 1966, Muhammadu Bashar, sai da ya riƙe sarautar Wambai, ya yi minista a gwamnatin Jihar Arewa zamanin Sardauna, kana ya zama Sarki, ya yi mulki har 2007. Watau ya yi biyayya kafin a yi masa, ya ɗauki fayil kafin ya ɗauki sanda.

A zamanin En'e ma an gane wannan. Cikin watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, cikin abin da ya kuka da shi har da rashin jin ta bakin talakawa da rashin horar da ma'aikata. Makarantar koyon aikin akawu da ke Kongo a Zariya ta zama makarantar koyon sha'anin mulki cikin 1954, aka riƙa aika ma'aji da magatakarda da alƙalai su ƙaro sani. An rushe tsarin En'e cikin 1976, ƙananan hukumomi suka maye gurbinsa, amma tambayar da aka yi a 1950 ba ta tsufa ba. Makaranta ta kan koya wa mutum jera lissafi da rubuta wasiƙa. Juyawa a dubi wanda ke zaune a bakin ƙofa kuwa, wannan sai an sa kai.

Saboda haka, 'yan'uwana da kuka yaƙi jahilci kuka ci nasara, ga roƙona. Yanzu da karatu ya zauna muku, za a riƙa ba waɗansunku riƙon mutane, wani shugaban jam'iyyar manoma, wani mai unguwa, wani mai duba leburori. In kun zo ba 'ya'yanku labarin Kusugu, ku ba da daren da daɗinsa, ba laifi. Amma kada ku tashi sai gari ya waye a cikin labarin. Ku faɗa musu wanda ya je ya duba, da yadda aka gwada kai da jiki, da tsohuwar da aka bari ta yi magana. Kashe macijiya sau ɗaya a ke yi, ba kuwa kowa Allah ya ke ba wannan rabo ba. Abin da Daurama ta yi da safe kuwa, ko wane mai riƙe da mutum biyu yana da ikon yinsa gobe in Allah ya kai mu.

Rijiyar Kusugu tana nan cikin birnin Daura, baƙi na zuwa ganinta. Duk wanda ya je, bayan ya tuna da mai wuƙa, ya yi wa Ayana addu'a.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare, mu kuma ya ba mu bakin faɗin gaskiya. Amin.